MAI BIN BASHI YA TSAYA A ƘOFAR GIDA

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:6, 10-13, 2 Sarakuna 4:1-7

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, gidaje da yawa da ba su saba neman rance ba suka fara nema, wani domin kuɗin makaranta, wani domin asibiti, wani domin haya ko takin gona. A dā mai neman rance yakan je wurin ɗan'uwa, ko adashi, ko banki. Yanzu kuwa akwai wani mai ba da rance da ke zaune cikin aljihun mutum, wato kamfanonin da ke ba da bashi ta wayar hannu. Sukan ba da kuɗi cikin 'yan mintoci ba tare da jingina ba, amma hanyar da waɗansunsu ke bi su karɓi kuɗinsu ta jawo wa iyalai da yawa kuka. A kan wannan muke so mu ji abin da Maganar Allah take koya mana.

YADDA TARKON YAKE

Mutum yakan sauke manhajar kamfani a wayarsa, ya ba da lambarsa ta BVN da hotonsa, sa'an nan ya danna amincewa ba tare da ya karanta sharuɗɗan ba. Da wannan dannawa ya buɗe wa kamfanin dukan lambobin da ke cikin wayarsa. A ce ya nemi naira 20,000. Sai a cire 6,000 tun daga farko da sunan kuɗin hidima, a aiko masa da 14,000, a ce ya mayar da 20,000 cikin kwana bakwai. Ruwan da ke kan abin da ya shiga hannunsa ya haura kashi 40 cikin ɗari a mako guda. In ranar ta wuce, sai tara ta fara hawa kowace rana.

Daga nan sai masu karɓar bashin su fara aikinsu. Za su kira shi dare da rana da zagi da barazana. In bai biya ba, sai su aika wa surukansa, da shugabansa a wurin aiki, da fastonsa, da 'yan ƙungiyar mawaƙa saƙo ɗauke da hotonsa cewa ɓarawo ne da ake nema. Waɗansu har sanarwar mutuwar mutum suke rubutawa alhali yana da rai. Saboda tsoron kunya sai ya ci wani bashin daga kamfani na biyu domin ya rufe bakin na fari, ya ci na uku domin ya rufe na biyu, har ramin ya fi ƙarfinsa.

ABIN DA ALLAH YA FAƊA WA MAI BA DA RANCE

Allah bai hana ba da rance ba, bai kuma hana mutum neman haƙƙinsa ba, amma ya sa wa mai bin bashi iyaka. A Maimaitawar Shari'a 24:10-11 ya umarci Isra'ilawa cewa wanda ya ba maƙwabcinsa rance ba shi da izinin kutsawa cikin gidansa domin ya ɗauki jingina. Sai dai ya dakata a waje, mai gidan da kansa ya fito masa da ita. A aya ta 6 an hana karɓar dutsen niƙa jingina, gama da shi iyali ke cin abinci. A aya ta 12 da ta 13 kuwa, in talaka ya ba da mayafinsa, dole a mayar masa kafin rana ta fāɗi domin ya sami abin rufa.

Ku lura da hikimar da ke cikin wannan doka. Talakan da ake bi bashi har yanzu shi ne mai gidansa. Matarsa da 'ya'yansa ba za su ga baƙo yana bincike cikin ɗakinsu ba. Kuɗi ake binsa, amma mutuncinsa daga wurin Allah ya zo, wanda ya halicce shi cikin kamanninsa, ba ya kuwa cikin abin da aka jinginar.

Wayar hannu a yau kamar ɗakin mutum take. A ciki akwai sunayen danginsa, da hotunan 'ya'yansa, da asirin gidansa. Kamfanin da ya kwashe waɗannan domin ya kunyata mutum ya ƙetare ƙofar da Allah ya ce a tsaya a bakinta. Wanda kuma ya aika wa shugaban mutum saƙon ƙarya har aka kore shi daga aiki, ya ɗauke dutsen niƙan gidan ke nan. Wannan zalunci ne, zunubi ne kuma a gaban Ubangiji.

ABIN DA ALLAH YA FAƊA WA WANDA AKE BI

Kada wani ya karanta wannan ya ce an yafe masa bashinsa. Zabura 37:21 ta lissafta mai cin bashi ya ƙi biya cikin mugaye, Manzo Bulus kuma a Romawa 13:7-8 ya gargaɗe mu mu ba kowa haƙƙinsa. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Muguntar mai karɓa ba ta mai da kuɗinsa halal a hannunmu ba.

Dubi gwauruwar nan ta 2 Sarakuna 4. Mijinta mai tsoron Allah ne, ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa, duk da haka ya mutu da bashi a kansa, mai bin bashin kuwa yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Matar ba ta ɓoye damuwarta ba, ta kai kukanta wurin Annabi Elisha. Shi kuma bai tsawata mata ba. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce ɗan mai ne kaɗai a kwalba. Ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tandaye da yawa, ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta, ta yi ta zubawa har suka cika. Da ta komo, umarninsa na fari shi ne ta sayar da man ta biya bashin, sa'an nan ita da 'ya'yanta su rayu da sauran. An biya mai bashi haƙƙinsa, ba a kuwa taɓa yaran ba. Wannan ita ce hanyar da muke so kowane gida ya bi.

DOKAR ƘASA TANA TARE DA KU

Masu barazana suna cin nasara ne domin mutane ba su san haƙƙinsu ba. A watan Agusta 2021 Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A watan Maris 2022 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, wato FCCPC, tare da jami'an tsaro ta kai samame ofisoshin waɗansu kamfanonin rance a Ikeja ta Jihar Legas, a watan Agusta na shekarar kuma ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni yin rajista. Daga ƙarshen watan Mayu 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa shiga lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A shekarar 2025 FCCPC ta sake fito da ƙa'idoji masu tsanani, da tarar da za ta iya kai naira miliyan 100.

Game da barazanar kamu, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 kuma ya hana a kama wani a madadin wani. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta faɗi haka a sashe na 7 da na 8. Wanda ya ci bashi da gaskiya ya kāsa biya ba mai laifin ɗauri ba ne, sai dai in da zamba ya karɓi kuɗin. Abin da kamfani yake da iko ya yi shi ne ya kai ƙara kotu, ko ya miƙa sunan mutum ga hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, abin da zai hana shi samun rance nan gaba.

MATAKAN DA ZA A ƊAUKA

Na ɗaya, ka faɗa wa matarka, ke ma ki faɗa wa mijinki. Makamin waɗannan mutane shi ne asirinka, ranar da ka faɗa da bakinka kuwa, ka karɓe makamin daga hannunsu. Ka sanar da fasto ko wani dattijo amintacce, ka kuma riga su gaya wa dangi da abokan aiki cewa za su iya samun saƙo a kanka.

Na biyu, kada ka ci sabon bashi domin biyan tsoho. Ba a cike rami da ƙasar da aka haƙo daga wani ramin a tsakar gida ɗaya.

Na uku, ku zauna ku rubuta kowane bashi: nawa ya shiga hannu, nawa aka riga aka biya, nawa ya rage. Tambayar Elisha ke nan, me kuke da shi a gida? Wataƙila akwai akuya, ko buhun masara, ko wata sana'ar hannu da za ta rage nauyin.

Na huɗu, ka rubuta wa kamfanin abin da za ka iya biya da ranakun da za ka biya, ka nemi a tsayar da tarar da ke hawa. Ka biya cikin asusun kamfanin kaɗai, kada ka tura wa wani ma'aikaci cikin asusunsa na kansa, ka kuma adana shaidar kowane biya. Kada ka ba kowa lambar sirri ta katinka.

Na biyar, kada ka rama zagi da zagi. Ka ɗauki hoton kowane saƙon barazana da lambar da ta aiko shi da ranar, ka rufe wa manhajar izinin shiga lambobinka, sa'an nan ka kai ƙara wurin FCCPC da NDPC. In an yi barazana ga ranka, ka sanar da 'yan sanda. In kana bukatar lauya ba ka da hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, akwai kuma lauyoyi a cikin ikilisiyoyinmu.

In kuwa nauyin ya kai har kana tunanin mutuwa ta fi maka, ina roƙonka saboda Allah kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai. Ka nemi fasto, ko ɗan'uwa, ko likita yau ɗin nan. An fanshe ka da jinin Almasihu, babu bashin da ya kai darajar ranka, 'ya'yanka kuma sun fi bukatarka fiye da sunan da kake tsoron ya ɓaci.

AIKIN IKILISIYA

Da maƙwabtan gwauruwar nan sun hana ta tandaye, da man bai sami wurin zuba ba. Mu ne maƙwabtan. In saƙo ya shigo wayarka cewa 'yar'uwa wance ɓarauniya ce, kada ka tura wa wani, kada kuma ya zama abin hira bayan sujada. Ka kira ta a asirce ka tambayi lafiyarta. Ka kuma sani cewa samun lambarka cikin wayar wani bai sa ka zama mai lamuninsa ba, sai in ka amince da hakan da kanka.

Sa'ad da talakawan Yahuza suka yi kuka domin an karɓe gonakinsu, ana kuma bautar da 'ya'yansu saboda bashi, Nehemiya bai ce wannan ba aikinsa ba ne. Ya tara jama'a, ya tsawata wa manya a fili, ya sa suka yi rantsuwa a gaban firistoci cewa za su mayar da abin da suka karɓa, kamar yadda sura ta 5 ta littafinsa ta nuna. Ya kamata majalisar dattawa, da zumuntar mata, da ta maza, da ta matasa su ƙarfafa asusun taimakon juna da rance marar ruwa, a riƙe shi da amana, domin wanda ɗansa ke kwance a asibiti ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin ya danna waya. Su kuma waɗanda aka ranta wa su mayar a kan lokaci, domin na baya su samu.

Akwai kuma 'ya'yanmu da rashin aiki ya kai su aiki a irin waɗannan kamfanoni. Yahaya Mai Baftisma bai ce wa masu karɓar haraji da sojoji su bar aikinsu ba, amma ya hana su karɓar fiye da ƙa'ida, da tsoratar da mutane, da yi musu ƙazafi, kamar yadda yake a Luka 3:12-14. Ɗana, in aikinka ya zama sai ka kira uwar wani ɓarauniya kafin a biya ka albashi, ka nemi wani aikin. Haka kuma duk wani a cikinmu da yake bin ɗan'uwansa kuɗi, mai gidan haya ne ko mai shago, ya tuna da misalin Ubangijinmu a Matiyu 18:23-35, na bawan da aka yafe wa talanti 10,000, shi kuwa ya fita ya shaƙe abokin bautarsa saboda dinari 100. Ka nemi haƙƙinka, amma ka tsaya a ƙofar gida.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai da ka ji kukan gwauruwa, ka dubi gidajen da ke kwana cikin fargaba saboda bashi. Ka ba su ƙarfin hali su faɗi gaskiya, ka buɗe musu hanyar biya, ka juyo da zukatan masu zalunci zuwa tuba. Ka koya mana wadar zuci, ka sa ikilisiyarka ta zama mafaka ga masu nauyin kaya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.