Mai Kaya, Ɗauki Alƙalami

Duk wanda ya bi titin Funtuwa daga Kwangila, ya ratsa Samaru ya isa Shika, zai ga mutanen da ba su san lalaci ba: tela, mai walda, mai kaji, mai gyaran waya, Hajiya mai abinci, mai sayar da iri da taki. Zai kuma ga allunansu, kusan duk bakinsu ɗaya: wane da 'ya'yansa, muna sayar da kaya masu inganci. A waya ma haka abin yake. Hoto goma a WhatsApp, a ƙarƙashinsu an rubuta "akwai kaya". Kayan na ƙwarai ne, ban musa ba. Sai dai maganar ba ta kira kowa ba, don haka ba wanda ya waiwayo.

'Yan'uwa, wannan gyara ne da ba ya cin jari, kuma rabin iliminsa yana bakinku tun tuni. Ku tsaya a kasuwar Sabon Gari ku saurari mai atamfa. In uwar amarya ce ta tsaya, zai ce, "Hajiya, wannan ba ta zuba, kuma ina da turmi ashirin iri ɗaya in anko za a yi." In ɗaliba ce, zancen sauƙin kuɗi da sabon yayi zai yi mata. Atamfa ɗaya ce, magana biyu, domin ya dubi wanda ke gabansa. Abin da ke faruwa shi ne, da ya ɗauki waya zai rubuta sai fuskar mai saye ta ɓace masa, ya koma yi wa duniya duka magana. To, ka dawo da fuskar nan. Kafin ka rubuta harafi ɗaya, ka zaɓi mutum ɗaya, ka san abin da ya hana shi barci jiya.

Mu a nan Allah ya kawo mana masu saye har ƙofar gida, kuma kowane rukuni da damuwarsa. Tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare a Shika a 2005, kullum sai baƙi sun sauka daga garuruwa masu nisa da marasa lafiyarsu. Ki duba mai jinya, 'yar'uwata mai abinci. Ta kwana a zaune, ba ta san gari ba, ba ta iya barin gefen gado, kuɗin hannunta na magani ne. In kika rubuta "abinci mai daɗi", ba ki ce mata komai ba. Amma ki gwada wannan: "Kina jinya a Shika? Kunun gyaɗa mai zafi zai same ki a ƙofar asibiti kafin ƙarfe 7." Kin kira ta, kin faɗi inda take, kin ɗauke mata wahala ɗaya. Haka mai wanki, haka mai cajin waya, haka mai ɗakin haya na 'yan kwanaki. Kuma a ji tsoron Allah a kan waɗannan bayin nasa: mai jinya yana cikin ruɗu, duk wanda ya rubuta masa alkawarin warakar da ba shi da ita ya ci haram.

Ɗalibin Samaru kuwa aljihunsa da lokacinsa ne ƙanana. Mai gyaran waya ya ce masa, "Gilashin wayarka ya fashe? Kawo da safe, karɓa kafin la'asar." Da yawansu ba sa jin Hausa, sai a rubuta musu da Turanci. Manomin Giwa a rubuta masa da Hausar da yake yi a gona, in ta kama ma da ajami.

Batun manomi ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne masu kaya suka fi yin asarar baki. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da irin waken nan SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa. Mai shagon iri sai ya rubuta sunan da lambarsa a allo ya koma ya zauna. Manomi ba lamba yake nema ba. Shi abin da ya sani, bara ya yi feshi har ya gaji, tsutsa kuma ta raba amfanin da shi. Ka fara da wannan: "Waken da tsutsa ba ta cinye maka, feshi kaɗan ya isa." Sunan irin ya biyo baya ya zama shaida. Haka mai kaji. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI, wadda asalinta gonar kiwo ce da aka kafa a Shika a 1928, ita ta samar da kazar ƙwai Shika Brown don ta dace da yanayinmu. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannunka, sunan garinka ne a jikin kazar. Ka gaya wa matar da ke son fara kiwo a bayan ɗaki cewa kazar nan 'yar gida ce, ta san zafinmu.

Kada wani ya ce mana wannan fasahar baƙuwa ce. A Zariya aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. A wancan lokacin a kwabo ɗaya ake sayar da ita, sunanta kuma ya faɗa wa mai saye abin da zai biya da abin da zai samu, a kalma huɗu. Har yau ban ga kanun talla da ya fi wannan tsafta ba. A can ƙasar Turawa, David Ogilvy, ɗan Birtaniyan da ya yi suna a harkar talla a Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1963 cewa masu karanta kanu sun ninka masu karanta sauran rubutun sau biyar. Layin farko shi ne ƙofar shagonka; in a rufe take, duk kyan kayan da ke ciki ba mai gani.

In ƙofa ta buɗu, sauran magana gajera ce. Ka faɗi amfanin kayan da hujja ɗaya da za a iya gani, ka faɗi kwatancen shago yadda baƙo zai gane, ka faɗi abin da mutum zai yi yanzu. Kuma don Allah ka rubuta farashi. Ɗabi'ar nan ta "biyo ni ta saƙo ka ji kuɗin" tana korar mai kunya da mai sauri, su ne kuwa suka fi yawa. In kaya na da aibi ka faɗa. Addininmu ya hana algus da rantsuwa kan ƙarya a ciniki, kuma a gari kamar Shika, inda kowa ya san kowa, ƙarya ɗaya ta isa ta rufe shago.

Ba za ka iya a rana ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa iyawa haka. Claude Hopkins, wanda ya wallafa littafinsa kan talla a 1923, gwaji ya ɗauka a matsayin malami: a fitar da kanu biyu, a ƙirga wanda ya fi kawo masu saye. Kai ma kana iyawa da littafin bashin nan naka. Wannan mako ka sa kanu ɗaya, mako mai zuwa ka sauya, duk wanda ya zo ka tambaye shi, "Malam, me ka gani ka zo?" Amsarsa ita ce darasinka na gaba. Baba, in rubutun boko bai zauna maka ba, ka faɗa ɗanka ya rubuta, ko ka yi saƙon murya na rabin minti. Hikimar taka ce, hannu kawai ka ara.

Kun sha rana, kun iya sana'arku, bai kamata kayanku su kwana saboda rashin layi ɗaya ba. Yau da dare, bayan an rufe shago, ka tuna mutumin da ya fi saye a wurinka, ka rubuta masa jimla biyar, ka karanta su da ƙarfi, ka soke huɗu. Wadda ta rage, gobe da safe ka sa ta a allo da waya. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.