Kaifi Ko Abin Da Ke Riƙe Shi?

Ya ku 'yan makaranta, ku dubi wuƙar aljihu mai naɗewa. Kowa kaifinta yake yabo, alhali wani siririn ƙarfe a gadon bayanta, wato sifirin, shi ke riƙe ta a buɗe. Ran da ya karye, sai ta rufe bisa yatsun mai ita.

In an kai wa maƙeri a Kakau, sai ya cire ƙusoshi, ya ƙera sabo, ya tsoma shi jawur cikin mai, sa'an nan ya sake ɗumama shi kaɗan. Gama in ya cika tauri karyewa zai yi, in ya cika taushi ba ya riƙo.

To, ilmi kaifi ne, hali kuwa sifirin. Mai ilmi marar hali kansa yake fara yanka.