Tauraro Mai Wutsiya da Tsoron Mumini

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, duk sanda aka ce tauraro mai wutsiya ya fito, sai saƙonni su cika WhatsApp: wai wani babban mutum zai rasu, wai yunwa na tafe. Wannan firgici tsoho ne. A 1910 mutane a Turai da Amurka sun sayi ƙwayoyi don kariya daga gubar da suke zaton tana cikin wutsiyarsa. Duniya ta ratsa wutsiyar, ba abin da ya sami kowa.

Masana falaki sun ce dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, yana zagaya rana. Wani Bature ɗan Ingila, Edmond Halley, ya lissafa a 1705 cewa guda daga cikinsu yana komowa bayan shekara kamar 76, kuma zai dawo a 1758. Ya rasu a 1742, tauraron kuwa ya dawo. An gan shi a 1986, ana sa ransa a 2061. Abin da ke bin lissafi haka bawa ne mai biyayya, bai san labarin mutuwar kowa ba. Ranar da Sayyadi Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, Annabi da kansa ya kore wannan zato, ya umarce su da salla da addu'a.

Amma kada mu ce babu wurin tsoro. Malaman tafsiri sun kawo a Suratud Dukhan cewa Sayyadi Abdullahi ɗan Abbas ya kwana bai runtsa ba da ya ji tauraro mai wutsiya ya fito, don gudun ko hayaƙin da aka yi alkawari ne ya iso. Tashin alƙiyama ya tuna. Bai nemi boka ya fassara masa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda kumbon Giotto ya gano a 1986: jikin tauraron baƙi ƙirin ne, ya fi gawayi duhu. Duk hasken nan na rana ne, kuma sai ya kusance ta yake samun wutsiya, ita ma daga jikinsa da zafi ke cinyewa take fita. Muridin da ya fara jin daɗin wazifa har yana ganin ya fi na kusa da shi a sahu, ya tambayi kansa hasken na wane ne, kuma me ya ƙone daga son ransa tun da ya karɓi wuridi.

Allah Ya ƙara mana kusanci da Shugaba (SAW), Ya tsare mu da camfi. Amin.