Kukan Kunnen Auta

A watan Sha'aban, sa'ad da masu 'ya'ya mata ke rige-rigen kai su ɗakin miji kafin a ga watan azumi, masu ba da hayar kayan sauti a Kano ba su da lokacin kansu. Yau kamu a Ɗorayi, gobe wuni a Kurna, jibi dina a wani ɗakin taro a Nasarawa. A irin wannan kakar ce Auta, saurayi ɗan shekara 22, ya zama na hannun daman ubangidansa. Shi ke loda lasifikoki a a-kori-kura, shi ke jan waya, shi ke tayar da janareta. Da yake yaro ne mai kai, ba a jima ba Oga ya sakar masa miksa, ya koma gefe yana karɓar kuɗi.

Teburin Auta kullum a gindin manyan lasifikokin nan biyu yake, saboda wayar da ta haɗa su da miksa gajera ce, Oga kuwa ya ce ba zai sayi wata ba tunda wannan ba ta mutu ba. Da zarar fili ya ɗau zafi, sai ka ji 'yan mata na ihu, "DJ, ƙaro wuta!" Shi kuma sai ya tura maɓalli har jar fitila ta kama, ƙarar ta riƙa dukan ƙirjinsa. Wanda ke son yi masa magana sai ya kafa baki a kunnensa ya yi kururuwa.

Duk daren da suka tashi daga biki, kunnuwansa sukan yi dum, maganar mutane ta riƙa zuwa masa daga nesa, ga wani siririn fito, tsiiii, da ke raka shi har gida. Da safe sai ya tashi garau. Yaran shagon ma har raha suke yi da abin, suna cewa bikin da kunne bai yi kuka ba ai bai yi armashi ba. A hanyar komawa gida kuma, don kada barci ya ɗauke shi a bayan mota, sai ya cusa iyafis ya ƙure ƙarar waya.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi, bukukuwa suka jeru masa ba hutu. A daren na ƙarshe ya kwanta, barci ya ƙi zuwa, don wani gyare ya dame shi da kuka. Ya kunna fitilar waya, ya ɗaga katifa, ya zazzage takalma, ya leƙa bayan akwati. Yayansa da suke ɗaki ɗaya ya farka a fusace.

"Kai Auta, lafiyarka kuwa? Me kake nema da tsakar daren nan?"

"Yaya, ba ka jin gyaren nan?"

"Wane gyare? Ni ban ji komai ba sai kwaramniyarka. Don Allah ka kwanta."

Ya fita tsakar gida, kukan ya bi shi. Ya zaga bayan gida, yana nan. Sai ya sa yatsu ya toshe kunnuwansa biyu, maimakon ya yi shiru sai ya ƙara fitowa tar. A nan gabansa ya faɗi. Gari ya waye, rana ta take, aka yi Magariba, abin bai tafi ba.

Inna ta yi abin da uwa kan yi. Ta ɗumama man zaitun ta ɗiga masa. Da bai yi ba, maƙwabciya ta kawo shawarar ruwan albasa, wata kuma ta ja Inna gefe ta ce a bincika, kada ya kasance yaron ya yi gamo a yawon daren da yake yi. Aka yi hayaƙi. Mai kemis ɗin bakin layi, ba tare da ya leƙa kunnen ba, ya miƙo wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa. Wannan ɗabi'a tamu ta zuba abu a kunnen da ba wanda ya duba cikinsa tana da haɗari, domin idan dodon kunne ya huje, akwai magungunan ɗigawa masu ɗauke da gentamisin ko neomisin da kan iya zarcewa ciki su ƙara ɓarna. Allah ya taimaki Auta nasa ba a huje yake ba, sai dai asarar kuɗi da wari.

Azumi ya kama, bukukuwa suka tsaya, dare ya yi tsit, nan ne fa abin ya samu fili. A sallar tarawihi liman na karatu, Auta na sauraren kansa. Bayan sahur kowa ya koma barci, shi idonsa biyu. Ya rame, ya zama mai saurin fushi, ƙannen maƙwabta da ya saba wasa da su suka fara kauce masa. Bai faɗa wa kowa ba, amma abu biyu ne ke cin sa: ko kurumcewa zai yi, ko kuwa taɓin hankali ne ke sallama.

Ranar goma ga wata Kawu ya zo shan ruwa. Kawu ya yi shekaru da yawa yana tuƙa injin niƙa a bakin kasuwa, kuma duk dangi sun san ba a yi masa magana sai an fuskance shi an ɗaga murya. Inna ta kwashe labari ta faɗa masa, har da batun gamo. Kawu ya ajiye kofin kunu ya dubi Auta.

"Naka wane iri ne? Mai fito ne, ko mai shuuu?"

Auta ya zaro ido. "Mai fito ne, Kawu. Ya aka yi ka sani?"

"Nawa ya girme ka, yaro. Tun uwarka ba ta yi aure ba muke tare da shi. Ni ma da farko zuwa yake da daddare ya tafi da safe, na ɗauka gajiya ce. Ashe gargaɗi ake yi mini ban gane ba. Aljani bai taɓa ni ba, inji ne ya cinye mini kunne, kai kuma akwatunan kiɗan nan naka." Ya juya ga Inna. "Ki daina zuba masa tarkace. Ya tafi asibiti, wajen likitan kunne. Ni sai da na rasa rabin jina sannan na je. An ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira, to yau kunnen ne da kansa ke neman tsira."

A sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likitar da ta gan shi ta fara leƙa kunnuwan da 'yar fitila. Ba datti, ba ruwa, dodon kunne lafiya ƙalau. Daga nan aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kauri da ƙarar waje ba ta shiga, aka sa masa hedifon, aka ba shi maɓalli, aka ce duk lokacin da ya ji ɗan sauti, komai ƙanƙantarsa, ya danna. Takardar da ta fito tana da layi biyu, na dama da na hagu, suna tafiya a miƙe, sai da suka kai wurin da aka rubuta 4,000 suka yi ƙasa, sannan suka ɗan ɗago.

"Ka ga wannan ramin?" in ji likitar. "Da na gan shi ba sai na tambayi sana'arka ba. Hatimin ƙara ke nan. Maƙera da masu inji da sojoji duk a nan yake fara kama su."

Ta zana masa a bayan takarda. Can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi a kai, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ke mai da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi takan gajiyar da su, shi ne dum ɗin da mutum ke ji bayan biki. Idan aka ba su hutu sukan farfaɗo. Idan aka yi ta maimaitawa, wasu su mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Masu ɗaukar siririn sauti ne ke fara tafiya, shi ya sa irin su Kawu ke jin ana magana amma ba sa rarrabe "sa" da "fa" da "tsa", muryar mata da yara ta fi ba su wahala, musamman a cikin taro.

"To Likita, in sun mutu ai shiru ya kamata in ji. Fiton daga ina?"

Ta yi murmushi. "Kai mai miksa ne. Idan makirfo ya daina kawo sauti, ka yi ta ƙara masa ƙarfi kana neman muryar, me lasifika ke fitarwa?"

"Shuuu kawai."

"Haka ƙwaƙwalwarka ta yi. Saƙon da ta saba samu ya ragu, ta ƙara ƙarfi tana nemansa, kake jin tsakinta. Ba hauka ba ne, kuma ba shi ke nuna za ka kurumce ba. Abin da zai kurumtar da kai shi ne ka koma gindin lasifika yadda ka saba."

Sai ta kawo masa lissafi. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. A desibel 85 kunne na iya jure awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, kafin a kai 100 an dawo minti 15. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraren kiɗa, ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin sauti a wuraren shagali ya wuce desibel 100. Auta ya tuna jar fitilarsa, ya tuna yakan yi awa biyar a wurin, ya yi shiru.

"Ranki ya daɗe, maganin fa?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙanena. Babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana kashe shi, duk wanda ya ce yana da ita kuɗinka yake so. Amma ƙwaƙwalwa takan koyi yin watsi da sautin da ta gane ba shi da haɗari, kuma haka abin ke ƙarewa ga akasarin masu shi. Tsoro da sa masa ido su ke ciyar da shi."

Ta ce kada ya riƙa kwana a ɗakin da ya yi tsit, ya bar wani sauti mai taushi ƙasa-ƙasa. Ya nemi barci isasshe, don gajiya da damuwa na tayar da shi. Duk likitan da zai rubuta masa magani ya gaya masa yana da kukan kunne, saboda kinin, da asfirin mai yawa, da allurar gentamisin suna taɓa ji. Idan kuwa ya ji kukan ya koma kunne ɗaya, ko yana bugawa tare da bugun zuciya, ko jiri ya biyo baya, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, kada ya kwana biyu bai zo ba. Ta ƙara da cewa a Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, in buƙata ta kai ga haka.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Fanka ta taimaka, amma wuta ba ta da tabbas. Kawu ne ya koya masa dabararsa: 'yar rediyo mai batir a gefen matashi, karatun Alƙur'ani ko labarai, a rage har sai da ƙyar ake ji. Akwai dararen da ya tashi zaune yana jin kamar ya fasa ihu. Sai wata rana bayan Sallah, yana gyaran wata lasifika tun hantsi, da aka kira Azahar ya lura tun safe bai tuna da fiton ba. Yana tunawa kuwa ya ji shi, yana nan inda yake, amma wannan karon bai ji faɗuwar gaba ba.

Komawa aiki ita ce rigima. Ya ce wa Oga sai an sayi doguwar waya, Oga ya ce, "Wa zai biya?" Auta ya sayo da kuɗinsa, ya mai da teburinsa can baya, don a fili duk lokacin da ka ninka nisanka da lasifika ƙarar na raguwa da kimanin desibel 6. Ya samo matosan kunne na soso a shagon masu sayar da kayan kariyar ma'aikata, irin wanda ake murzawa ya sirance, a ja kunne sama a tura, a riƙe har ya kumbura. Auduga, da yaran shagon suka ce ita ma ta isa, kusan ba ta tare komai. Ya sa manhajar auna ƙara a wayarsa, iyafis kuma ya daina wuce rabi da ɗan kai. Abokai suka laƙaba masa DJ Kurma, ya share.

A wani wuni a Gwammaja ya hango wata mata da goyo tana rawa daf da lasifika. Kan jaririn bai fi kamu biyu da bakin akwatin ba, bakinsa a wangame yana tsala kuka, ba mai ji, har uwar. Auta ya ja maɓalli ƙasa. Fili ya ɗauki "Haba DJ!" Babbar ƙawar amarya ta taso masa.

"Malam, kuɗi fa muka biya!"

"Hajiya, ki yi haƙuri, dubi yaron can. A matsar da masu goyo baya, in ɗaga akwatunan sama da kawunan mutane, sai in ƙara, amma ba zan kai inda kike so ba."

Ana cikin haka gwaggon amarya ta sa baki daga kan tabarma, ta ce a bar shi haka, ita tun da aka fara sai yanzu ta ji gaisuwar da ake yi mata. Aka ci gaba da biki. Ƙawar dai ba ta huce ba, kuma da bikin ƙanwarta ya zo wani DJ ta ɗauka. Oga ya yi ta mita a kan wannan cinikin da ya kuɓuce, ko da yake daga baya shi ma an gan shi da soson a kunne, ya ce wai don ƙura ne.

Da shekara ta zagayo Auta ya koma aka sake gwaji. Likitar ta jera takardun biyu, ramin yana nan, bai cike ba, bai kuma ƙara zurfi ba. Kafin ya fita ya tambaye ta ko akwai abin da za a yi wa dattijon da inji ya riga ya ci wa kunne. Ta ce na'urar ƙara ji na taimaka wa da yawansu, har kukan ma takan rage musu shi, ya kawo shi a auna.

Kawu ya ce shi da girmansa ba zai yi yawo da rediyo a kunne yara na nuna shi ba. Sai da Inna ta tuna masa cewa ran sunan jikarsa sau uku aka faɗa masa sunan, ya fita yana gaya wa mutane wani daban. Ya yi shiru, ya gyara hula.

"To, ranar Talata. Amma kai za ka biya kuɗin adaidaita, zuwa da dawowa."