Hukuncin Karatun Namun Daji A Jami'a

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin mutum da dabba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda aka aiko rahama ga talikai.

Bayan haka, a Gyadi-Gyadi da Tarauni yaro yana tashi yana ganin Asibitin Malam Aminu Kano a kan hanyar Zariya, da kuma Gidan Zu wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako. Burin yawancin iyaye ɗansu ya zama likita. Idan kuwa jami'a ta ba shi gurbin karatun gandun daji da namun daji, sai gida ya yi tsit kamar an yi rashi, har a ce masa zai ƙare a kiwon birai. Wannan magana tana bukatar gyara.

Alƙur'ani mai girma, a Suratul An'am aya ta 38, ya bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar mutane. An kuma kira surori da sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. A hadisi ingantacce, wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, wani mutum kuwa ya sami gafara saboda kare da ya shayar.

Keɓe daji ma ba baƙon abu ba ne a shari'a. Larabawa suna kiransa hima. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, don kiwon dabbobin maslahar jama'a. Gandun Yankari da aka keɓe a 1956, da Dajin Falgore a kudancin Jihar Kano, suna da kama da wannan asali.

Dattawan Kano sun san lokacin da ungulu take cika mahauta. Yau sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba, gama masu tsibbu da masu sa guba sun ƙarar da ita. Ita ce kuwa mai kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Ɗalibin da ya koyi ƙidayar dabbobi da sanin abincinsu da lokacin hayayyafarsu yana yin rigakafi ne, watau yana rage wa likita aiki.

Malamai sun ce duk ilmin da al'umma ba ta wadatuwa da barinsa farillar kifaya ne. Idan kowa ya bar shi, laifi ya hau kan kowa. Saboda haka uban da ɗansa ya sami wannan gurbi ya sa masa albarka, kada ya karya masa gwiwa. Ɗan kuma ya kyautata niyya, ya riƙe amanar Allah a bayan ƙasa.

Allah Ya sa a gane, Ya ba da ikon aikatawa, amin.