Amana Biyu a Zuciya Ɗaya

Ranar 30 ga Afrilu, 1975, birnin Saigon ya faɗa hannun sojojin kwaminis na Arewacin Biyetnam. Cikin waɗanda suka tsere zuwa Amurka a shekarar har da wani yaro ɗan shekara huɗu, Viet Thanh Nguyen, wanda bayan shekara arba'in ya fitar da ƙagaggen labarinsa, The Sympathizer, ya kuma ci kyautar Pulitzer da shi a 2016.

Mai ba da labarin kyaftin ne a rundunar Kudu, a ɓoye kuma ɗan leƙen asirin Arewa. Uwarsa 'yar Biyetnam ce, ubansa limamin coci ne Bafaranshe. Jemage ke nan, tsuntsaye sun ƙi shi, dabbobi ba su karɓe shi ba. Aminansa biyu tun ƙuruciya, Man ɗan kwaminis ne, Bon kuwa ya ƙi jinin kwaminis. Kyaftin yana ƙaunar kowannensu da gaske, yana kuma fahimtar hujjar kowane ɓangare. To, shin wannan fahimta tana wanke mutum?

A ganina ba ta wankewa. Da suka yi gudun hijira zuwa Los Anjelas, Janar ɗin da kyaftin yake yi wa hidima ya fara zargin akwai mai tsegumi a cikinsu. Don ya kau da ido daga kansa, sai kyaftin ya ambaci sunan wani manjo mai aiki a gidan mai, wanda matarsa ba ta daɗe da haifar tagwaye ba. Manjon ba waliyyi ba ne, ya ci hanci a Saigon, amma bai taɓa yi wa Arewa leƙen asiri ba. Bon ya harbe shi, kyaftin yana tsaye a wurin. Man bai rasa komai ba, Janar ya sami kwanciyar hankali, asirin kyaftin ya rufu. Bashin amanar nan biyu, wani na uku ne ya biya da ransa.

Wasu za su ce irin wannan labari yana shafa wa 'yan gudun hijira baƙin jini. Ni dai na fi tsoron labarin da ba ya barin ɗan gudun hijira ya zama komai sai abin tausayi mai yawan godiya, domin wanda aka ɗauka ba ya iya aikata laifi, an rage masa mutuntaka. Nguyen ya bar kyaftin da laifinsa. Har ƙarshen littafin fatalwar manjon tana biye da shi.