Dariyar Gwauruwa

Karatun yau: Luka 2:36-38 da 1 Tasalonikawa 4:13-18

Ga tambayar da nake so mu duba tare a yau: idan mace ta rasa mijinta, bayan 'yan watanni aka gan ta tana dariya, tana rawa a majami'a, ta ci amanar mamacin ne?

Goggona, yayar mahaifina, ita ta jefa ni cikin wannan tambaya. Shekara 51 suka yi da maigidanta a wani ƙauye kusa da Kafanchan kafin Ubangiji ya kira shi gida. Tana da shekara 74 a lokacin. Dukanmu mun ɗauka za ta shige ɗaki ta jira nata lokacin. Bayan wata shida sai ga Goggo ta fito da halin da ya ba kowa mamaki. Ta sayi kaji ta raɗa musu suna. Zakaran ta sa masa Mai Wa'azi, wai in ya fara ba ya sanin ƙarewa. Wata kaza kuma Ma'aji, don ba wanda ya san inda take ɓoye ƙwanta. Ta ɗaura agogon mijinta, ga shi ya yi wa hannunta girma, ga shi ya daɗe da tsayawa. Duk wanda ya tambaye ta ƙarfe nawa, sai ta duba shi da kyau ta ce, "Lokacin tuba ya yi." Ranar Lahadi kuwa, in an zo baiko, da sandarta take rawa har gaban bagade, matasa na biye da ita.

Ba a daɗe ba gunaguni ya tashi. Wasu a zumuntar mata suka ce ba ta yi makoki yadda ya kamata ba. Wasu dangin mijin suka ce ashe dama jira take ya tafi. Ni ma, in faɗi gaskiya, abin ya ba ni kunya. Dangi suka aike ni in ja mata kunne, tun da ni ne nake koyarwa a makarantar Lahadi.

Na je da ayoyina a shirye. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, ranar jana'iza ba kai ka riƙe lasifika ka ce Babanku yana wurin Yesu ba?" Na ce ni ne, Goggo. Ta ce, "To, ƙarya ka yi wa jama'a?" Na rasa ta cewa. Ta ƙara da cewa, "Shekara 51 ina tuƙa wa mutumin nan tuwo, bai taɓa cewa na fi kyau in na ɗaure fuska ba. Yanzu da yake cikin ɗaukaka ne zai fara so?"

Na kwana a gidan. Wajen ƙarfe huɗu na asuba na ji murya daga ɗakinta. Goggo ce a durƙushe tana kuka, tana gaya wa Allah gado ya yi mata faɗi, ba ta da wanda za ta yi wa faɗa a kan gishiri. Ta daɗe a haka. Da gari ya waye ta fito ta wanke fuska, ta hau Mai Wa'azi da faɗa wai ya makara.

A nan na ga kuskurena. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar rana kaɗai muka tambaya, muka yanke hukunci. Mun auna ƙaunarta da yawan hawayen da idonmu ya gani. Ashe kukan nan tana yinsa kowace asuba, sai dai ta san wurin wanda take kai shi.

Littafi Mai Tsarki bai hana mai bi kuka ba. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Manzo Bulus ma bai ce wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege, domin waɗanda suka yi barci cikin Almasihu za su tashi. Idan mun gaskata wannan, dole wata rana ya bayyana a fuskarmu da ƙafafunmu. Bangaskiyar da muke furtawa a bakin kabari, sannan mu ji haushin wanda ya ɗauke ta da gaske, tana bukatar bincike.

Ku dubi Hannatu annabiya, 'yar Fanuyila, ta kabilar Ashiru. Shekara 7 kacal ta yi da mijinta, sauran rayuwarta ta yi ta tana gwauruwa. Luka ya nuna mana ita cikin tsufa ƙwarai, tana Haikali dare da rana da azumi da addu'a. Da aka kawo jariri Yesu, ita ce ta yi godiya ga Allah, ta shiga ba masu jiran fansa labarinsa. Mutuwar miji ba ta rufe aikin da Allah ya ajiye mata ba. Farin ciki yana cikin 'ya'yan Ruhu da aka lissafta a Galatiyawa 5, kuma ba a ce Ruhu yana daina ba da shi ranar da aka binne miji ba.

Amma kada mu mai da Goggo sandar dukan wasu. Akwai gwauruwar da har yanzu take inda Na'omi ta tsaya sa'ad da ta koma Baitalami ta ce a kira ta Mara, wato mai ɗaci. Allah bai tsawata wa Na'omi ba. Ya ba ta Rut ta zauna da ita, har ranar da ta rungumi Obida. Akwai kuma dariyar da mutum yake ɓuya a bayanta don kada a ga ciwonsa, wannan tana bukatar mai zama kusa ya saurara. Ba aikin ikkilisiya ba ne ta tsara wa gwauruwa ranar da za ta daina kuka, ko ranar da aka yarda ta yi dariya. Aikinmu, kamar yadda Yakubu 1:27 ya koya, shi ne mu ziyarce ta mu kula da ita.

Na koma na gaya wa dangi ban ja kunnen kowa ba, nawa aka ja. Lahadin da ta biyo, na bi bayan Goggo a rawar baiko.

Tambayi kanka: akwai gwauruwar da na yi wa hukunci daga nesa, ban taɓa shiga gidanta ba? Ka je wurinta a makon nan.

Addu'a: Ya Uba, mai kāre gwauraye, ka gafarta mana hukuncin da muka yanke a kan abin da ba mu gani ba. Ka ta'azantar da masu kuka, ka tsare farin cikin waɗanda ka mayar wa dariya. Ka cika mu da Ruhunka Mai Tsarki, cikin sunan Yesu. Amin.